Tambaya da Amsa: Yaya Ake Gane Amfanin Kuɗin Taimako a Yaƙi da Masassarar Cizon Sauro?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a ƙarshen daminar bana magana ɗaya suke yi, wato masassarar cizon sauro da kuɗin da ƙasashen waje da ƙungiyoyin duniya ke bayarwa domin yaƙi da ita. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, mun taƙaita su, kuma mun fi tsayawa a kan ta farko domin sauran a kanta suka dogara.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Madawa, jihar Tawa: Assalamu alaikum. Tun ina saurayi nake jin rediyo na sanar da cewa an ba Nijar kuɗi masu yawa domin yaƙi da masassara, an raba sange, an kawo magani. Amma duk shekara da zarar marka ta yi, sai ka tarar da gidan likita ya cika da yara har ana shimfiɗa tabarma a waje. Shin kuɗin nan sun yi wani amfani kuwa, kuma ta wace hanya ake gane hakan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da idonka ya gani gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa kwana da yaro a gidan likita a watan Agusta ko Satumba ba zai yi maka musu ba. Sai dai cikar gidan likita ita kaɗai ba ta isa ta nuna cewa kuɗin sun tafi a banza ba, kamar yadda sanarwar rediyo ba ta isa ta nuna cewa sun yi amfani ba.

Mafi yawan kuɗin da ake magana a kansu daga wurare biyu suke fitowa. Akwai Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da masassarar cizon sauro, wanda aka kafa a shekarar 2002, akwai kuma shirin shugaban Amurka na yaƙi da masassara, wato PMI, wanda aka soma a 2005, Nijar kuma ta shiga cikinsa a 2017. Kuɗin na bi ta hannun ma'aikatar lafiya da hukumarta ta yaƙi da masassara, PNLP, da kuma wasu ƙungiyoyi masu zaman kansu. Rahoton da ya fi sauƙin rubutawa shi ne na abin da aka kashe da abin da aka raba: sange miliyan kaza, kwalin magani kaza, ma'aikata kaza da aka horar. Wannan lissafi yana da muhimmanci wajen kama sata da ɓarna, amma bai amsa tambayarka ba. Tambayarka ita ce yara nawa ne suka tsira daga ciwo ko mutuwa saboda wannan aiki, kuma ba a iya amsa ta sai an kwatanta abin da ya faru da abin da zai faru da ba a yi aikin ba. Manomin da ya zuba taki ya sami dami talatin ba zai san abin da takin ya ƙara masa ba sai ya dubi gonar maƙwabcinsa da ba ta sami taki ba, wadda ruwan sama ɗaya ya sauka musu tare. Wahalar aikin masu tantancewa ke nan, domin babu wata Nijar ta biyu da aka bari ba sange ba magani da za a kwatanta da ita.

To me ya sa ba za a buɗe rajistar gidajen likita kawai a ƙirga ba? Domin adadin da ke cikin rajista yana iya ƙaruwa ko da cutar na raguwa. Ƙidayar jama'a ta 2001 ta sami mutum miliyan 11 a Nijar, ta 2012 kuma ta sami miliyan 17, kuma tun daga nan yawan jama'a bai daina hauhawa ba, saboda haka ko da kowane yaro ya rage yawan kamuwa, jimillar marasa lafiya tana iya zarce ta da. Ban da wannan, tun daga 2006 gwamnati ta mayar da kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, an kuma gina ƙananan gidajen likita masu yawa a ƙauyuka a zamanin shugaba Tandja Mamadou, sai uwar da a da take jinyar ɗanta a ɗaki da jiƙo ta fara kawo shi inda za a rubuta sunansa. Yaron da a da yake rasuwa a gida ba wanda ya ƙirga shi, yau yana cikin waɗanda ka gani kwance a kan tabarma. Haka kuma ma'anar abin da ake rubutawa ta sauya, domin kafin 2010, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwada jini kafin a ba da magani, kusan duk zafin jiki na damina masassarar sauro ake rubuta shi. Sannan ga ruwan sama: shekarar ambaliya irin 2020 ko 2024 ba a kwatanta ta da shekarar fari sai an yi la'akari da bambancin yawan sauro.

Saboda waɗannan dalilai masu bincike suka fi dogara da binciken gida-gida, irin wanda hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ke gudanarwa. Ana zaɓen gidaje ta hanyar ƙuri'a a duk faɗin ƙasa, a tambayi kowace uwa 'ya'yan da ta haifa da waɗanda suka rasu da shekarun da suka rasu, a duba ko akwai sange a ɗaki da wanda ya kwana cikinsa daren jiya, wani lokaci kuma a ɗibi jinin yatsan yara a gwada. Binciken 2021 na irin wannan ya sami ƙwayar cutar a jinin kusan kashi 29 cikin 100 na yaran da aka gwada. Amfanin wannan hanya shi ne tana isa ga yaron da bai taɓa zuwa gidan likita ba.

Da irin waɗannan alƙaluma aka yi nazarin da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 a kan Nijar. Nazarin ya nuna cewa mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 226 cikin kowace haihuwa 1,000 a shekarar 1998 zuwa 128 a 2009, kuma ya ƙiyasta cewa kashi ɗaya cikin huɗu na rayuka kusan 59,000 da aka ceto a 2009 sangen mai magani ne sanadinsu. Za ka iya tunawa da babban rabon sange na ƙarshen 2005 da farkon 2006, wanda aka haɗa da rigakafin shan inna, aka raba kusan miliyan biyu a ƙasa baki ɗaya. A faɗin Afirka kuma, wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2015 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2015 an kauce wa kamuwa miliyan 663, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan ragi daga sange ya fito.

Ya kamata a lura da kalmar ƙiyasi a nan. Raguwar mutuwar yara abu ne da aka auna, amma rabon ladan tsakanin sange da allurar rigakafi da abinci mai gina jiki da ruwan gishiri da sukari lissafi ne da aka gina a kan sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a wasu wurare. Abin da ya sa nake amincewa da shi shi ne gwaje-gwajen suna da ƙarfi. A Gambiya da Ghana da Kenya da Burkina Faso an raba ƙauyuka gida biyu ta ƙuri'a, aka ba wasu sange ko labule mai magani aka jinkirta wa wasu, kuma da aka haɗa sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje an sami ragin mutuwar yara na kusan kashi 17 cikin 100. A fannin magani ma haka ne. Wani babban gwaji da aka yi wa yara sama da 5,000 a ƙasashen Afirka tara, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2010, ya nuna cewa cikin yaran da masassara ta yi wa tsanani, kashi 8.5 cikin 100 ne suka rasu a cikin waɗanda aka yi wa allurar atesunat, alhali kashi 10.9 suka rasu a cikin waɗanda aka ba kinin. Kuma kada a manta cewa lokacin da kulorokin, wanda iyayenmu suka sani da Nivaquine, ya daina kashe ƙwayar cutar, maganin da ya maye gurbinsa ya ninka shi tsada sau da yawa, kuma kuɗin taimako ne suka kawo shi gidajen likitanmu.

Ra'ayina, Malam, shi ne kuɗin sun yi amfani, kuma akwai dubban matasa da ke raye yau a Madawa da Buza da Ƙonni saboda su. Amma ci gaban ya tsaya tun wajejen 2015. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kamuwa miliyan 263 da mutuwa 597,000 a duniya a shekarar 2023, kuma ta sa Nijar cikin ƙasashe huɗu da suka ɗauki fiye da rabin wannan mutuwa, tare da Najeriya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da Tanzaniya, inda kason Nijar ya kusa kashi 6 cikin 100. Wannan adadi ma ƙiyasi ne, domin a ƙauyukanmu yaro kan rasu da safe a yi masa sutura kafin azahar ba tare da wata takarda ba, sai daga baya masu bincike su zo su tambayi uwa yadda ciwon ya kasance, su yi hasashen abin da ya kashe shi. Wannan shi ne babban raunin da ke cikin duk lissafin, kuma ba a waje za a gyara shi ba.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar jinya a wani gidan likita na karkara, jihar Tawa: Kowace damina muna raba wa yara maganin rigakafin masassara gida-gida, wanda muke kira CPS. A rahoton da muke aikawa wani lokaci sai a ga mun kai fiye da kashi 100 cikin 100 na yaran yankinmu, amma kuma ina karɓar yaran da aka ce sun sha maganin, ga su da masassara. Shin maganin ne ba ya aiki, ko lissafinmu ne ba daidai ba?

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri bisa wannan tambaya, domin ba kowane ma'aikaci ne zai fito ya yi ta ba. Maganin yana aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan hanya a 2012 bayan gwaje-gwaje a ƙasashen Sahel sun nuna tana rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu a lokacin damina, kuma jiharku na cikin wuraren da aka fara ta a Nijar a 2013, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya suka raba maganin a Madawa da Buza, da kuma Magarya da Madarunfa da Gidan Rumji. A 2015 da 2016 aka faɗaɗa aikin a ƙasashe bakwai, har da Nijar, da kuɗin hukumar Unitaid. A wasu daga cikin ƙasashen an bi wata hanya mai kyau ta tantancewa: duk yaron da aka kawo da masassarar da gwaji ya tabbatar, sai a je unguwarsu a nemo sa'o'insa da ba su kamu ba, a duba katin kowa a ga ranar da ya sha magani. Ta haka aka sami kariya ta kusan kashi 88 cikin 100 a cikin kwana 28 na farko, kariyar kuma tana raguwa sosai bayan wannan wa'adi.

Kin ga ke nan yaron da ya sha magani yana iya kamuwa, musamman idan zagaye na gaba ya makara. Sannan kin fi ni sanin cewa maganin na kwana uku ne, kuma ranar farko kaɗai ake shan sa a gaban mai rabo, sauran ƙwayoyin amodiyakin na kwana biyu a hannun uwa ake barin su. Wata uwar takan manta saboda aikin gona, wata takan daina idan yaron ya yi amai, wata kuma takan ajiye ƙwayoyin sai ranar da jikinsa ya yi zafi, ko ta ba yayansa da ya wuce shekara biyar domin ba ta ga dalilin da za a kare ƙane a bar wa ba. Duk waɗannan yara a takarda an rubuta sun sha.

Batun wuce kashi 100 kuwa, asalinsa daga adadin yaran da ake raba lissafi da shi ne. Wannan adadi hasashe ne da aka gina a kan ƙidayar 2012, kuma bai san da ƙauyen da ya bunƙasa ba, bai san da makiyayan da suka sauka kusa da ku da damina ba, bai san da waɗanda rashin tsaro ya koro ba, ko yaran da ke tsallako iyaka a yankin Ƙonni. Akwai kuma wani dalili da ya kamata a faɗa a fili, wato idan ana auna ƙwazon mai rabo da yawan yaran da ya rubuta, to an buɗe ƙofar ƙara adadi. Shi ya sa masu tantancewa na gaskiya ba sa tsayawa a kan rahoton rabo, sai sun aika mutanen da ba su da hannu a rabon su bi gidaje bayan kowane zagaye, kuma abin da suke samu sau da yawa yana ƙasa da abin da ke cikin rahoto.

Akwai abin da ke hannunki wanda ya fi rahotanni da yawa daraja. Duk yaron da gwajin jini na gaggawa, wato TDR, ya nuna yana da masassara a lokacin rabo, ki tambayi uwarsa ranar da ya sha maganin ƙarshe da ko ya cika kwana ukun, ki rubuta a gefen sunansa. A ƙarshen wata ki kwatanta yawan gwajin da kuka yi, da yawan waɗanda gwajin ya kama, da yawan maganin da ya fita daga ma'ajiya, domin idan magani ya fita fiye da waɗanda gwaji ya kama, to ana ba da shi ga masu wani ciwon daban, ko yana bin wata hanya. Kuma ina roƙon ki da ki riƙa rubuta kwanakin da kayan gwaji ko magani suka yanke, domin watan da babu kayan gwaji yakan fito a na'urar tattara alƙaluma ta DHIS2 tamkar watan da masassara ta ragu, kuma wanda ke zaune a ofis a Yamai ba shi da hanyar gane bambancin sai ta rubutunki.

Tambaya daga wani mai sayar da magani a Yamai: Kullum rahoton masu ba da taimako yabo ne. An taɓa yin wani shiri da aka bincika aka ce bai yi nasara ba?

Amsa: An taɓa yi, Alhaji, kuma a sana'arka aka yi shi. A shekarar 2010 Asusun Duniya ya fara gwada wani shiri mai suna AMFm a wasu ƙasashe, har da Nijar da Najeriya da Ghana da Kenya da Uganda da Tanzaniya da Madagaska. Dabarar ita ce a biya kamfanonin haɗa magani mafi yawan kuɗin ingantaccen maganin masassara tun daga masana'anta, domin ya iso shagunan 'yan kasuwa da araha har ya kori kulorokin da sauran magungunan da suka daina aiki. Wataƙila kana tuna kwalayen da ke ɗauke da tambarin koren ganye. An ɗauki masu bincike masu zaman kansu suka zaga shaguna kafin a fara da kuma ƙarshen 2011, suna duba ko maganin na nan, da farashinsa, da kason da ya ci a kasuwa. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna babban sauyi a yawancin ƙasashen, amma a Nijar da Madagaska sauyin bai taka kara ya karya ba. Daga cikin dalilan da aka kawo akwai cewa a ƙasashen biyu talaka ba a farmasi yake sayen magani ba, a wurin mai tebur da mai talla yake saye, su kuwa ba sa cikin hanyar da maganin mai rangwame ya bi. A ƙarshen 2012 Asusun ya daina tafiyar da shirin a matsayin abu mai zaman kansa, ya shigar da shi cikin tallafinsa na yau da kullum.

Abu biyu nake ɗauka daga wannan. Shirin da ya yi aiki a Kumasi ko Nairobi ba lalle ne ya yi aiki a Tawa ba, kuma da an tambayi irinku tun farko inda mutanen ƙauye ke sayen magani, da an san haka kafin a kashe kuɗi. Sannan ko a inda aka ce an yi nasara, abin da aka auna shi ne samuwar magani a shago da farashinsa, ba a auna ko mai masassara ne ya sha shi ba, balle a auna ko mutuwa ta ragu.

Zarginka game da yabo yana da tushe, domin sau da yawa wanda ya ba da kuɗin aiki shi ne ke biyan mai tantance aikin, kuma ƙungiyar da ke neman a sabunta mata kwangila ba za ta yi ɗokin bayyana gazawarta ba. Duk da haka akwai bincike mai haƙori. Ofishin babban mai bincike na Asusun Duniya ne da kansa ya tono almundahana a tallafin da aka ba Mali da Muritaniya a wajejen 2010, har wasu ƙasashen Turai suka dakatar da gudummawarsu na ɗan lokaci. Idan rahoto ya zo hannunka, ka duba wanda ya rubuta shi, da wanda ya biya shi, da ko an auna halin da ake ciki kafin a fara aikin, da ko an kwatanta da wani yanki da bai samu ba.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'a a Yamai: Mun ji cewa Amurka ta rage taimakon da take bayarwa a 2025. Me zai faru idan masu ba da kuɗi suka janye, kuma me ya kamata mai son yin bincike a kan wannan ya sa wa ido?

Amsa: Ɗana, tarihi ya riga ya ba da amsar ɓangaren farko, kuma a ƙasar Hausa aka samo ɗaya daga cikin hujjojin da duniya ke kafawa. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani babban bincike a ƙauyukan Garki, wanda yanzu ke cikin jihar Jigawa. An yi feshin maganin sauro a ɗakuna, a wasu ƙauyukan kuma aka haɗa da raba wa kowa magani, har ƙwayar cutar ta ragu ƙwarai a jinin mutane, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka daina aikin sai ta komo. Wani nazari na 2012 ya tattara lokuta 75 da masassara ta sake ɓarkewa a ƙasashe 61, ya kuma sami cewa a kashi 91 cikin 100 na lokutan raunin da shirin yaƙi da cutar ya yi na cikin sanadin, yawanci saboda yankewar kuɗi. A yanki irin namu sange yana tsufa cikin shekara biyu zuwa uku, maganin CPS kuma wata guda yake karewa, saboda haka amfanin da aka samu ba ajiyayye ba ne, kowace damina sai an sake biyan kuɗinsa.

Tun kafin 2025 kuɗin ba su isa ba, domin a 2023 abin da duniya ta kashe a yaƙi da masassara dalar Amurka biliyan 4 ne, alhali abin da ake bukata ya kai biliyan 8.3. Abin da ya fi damuna a matakin da Amurka ta ɗauka, bayan magani da sange, shi ne yanke kuɗin shirin binciken gida-gida na DHS a farkon 2025, shirin da ya daɗe yana tallafa wa hukumomin ƙididdiga irin INS. Idan taimako ya ragu a daidai lokacin da ma'aunin ya tsaya, to illar za ta auku ba tare da an iya nuna girmanta ba. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, kuma kaɗan ne suka cika. A ganina, ko da ƙasa ba za ta iya sayen dukan magani da kuɗinta ba, tana iya biyan kuɗin binciken da zai gaya mata halin da 'ya'yanta ke ciki, domin wannan bai kai kuɗin sayen magani da sange ba.

Ga mai bincike kuwa, aiki yana da yawa. Nijar ta fara allurar rigakafin masassara a Satumbar 2024 daga Gaya, kuma tun da a matakai ake faɗaɗa ta, akwai damar kwatanta yankunan da suka fara da waɗanda ba su fara ba, kamar yadda aka yi a Ghana da Kenya da Malawi daga 2019, inda aka sami ragin mutuwar yara na kashi 13 cikin 100. Akwai kuma batun sauron da ya fara jure wa maganin da ke jikin sange, wanda masu bincike na cibiyar CERMES da ke nan Yamai suka nuna alamunsa na ƙaruwa bayan rabon 2005, da batun ƙwayar cutar da ta fara jinkirin mutuwa da maganin atemisinin, wato tushen magungunan da suka maye gurbin kulorokin, a Ruwanda da Uganda da Eritiriya, abin da ya wajaba a riƙa gwada ingancin magani a nan gida lokaci zuwa lokaci.

Idan kundin kammala karatu kake shirin rubutawa, ina ba ka shawara ka zaɓi gunduma ɗaya, kamar Madawa ko Illela, ka nemi izinin hukumar lafiya ta jiha, ka tattara alƙaluman wata-wata na shekaru biyar zuwa goma. Ka fi ba da ƙarfi ga yawan yaran da aka kwantar saboda masassara mai tsanani da yawan waɗanda aka ƙara wa jini, domin waɗannan ba sa sauyawa da sauƙi saboda sauyin salon rubuta rajista. Ka jera su tare da ma'aunin ruwan sama na kowane wata, da ranakun da aka yi zagayen CPS, da shekarun da aka raba sange, da kwanakin da magani ya yanke. Kafin ka amince da abin da ke cikin na'ura, ka je gidajen likita uku ko huɗu ka buɗe rajistar takarda ka ƙirga da hannunka, ka ga ko sun yi daidai. Idan ka gama, ka kai kwafi ga likitan gundumar da kwamitin kula da gidan likita, ka kuma nemi gidan rediyon yankin ya karanta taƙaitaccen sakamakon da Hausa kafin zagayen farko na damina mai zuwa.